Kunnen Mai Famfo

Shekara ashirin da bakwai babanmu ya yi yana aikin kwana-kwana, amma in ban da lokacin horo bai taɓa riƙe kan mesa ya tunkari wuta ba. Shi direba ne kuma mai famfo. Idan aka isa wurin gobara, abokan aikinsa su dira su ruga da mesa, shi kuwa ya zagaya bayan mota, ya ɗaga murfi, ya tsaya gaban agoguna da bawul, ya ba wutar baya. Mai Famfo ake ce masa a tasha, har ƙannen mamanmu ma haka suke kiransa.

Ina ƙarama abin yana ba ni haushi. 'Yan ajinmu sukan tambaye ni ko babana ya taɓa fito da jariri daga cikin wuta, ni kuwa sai in sako wata magana. Wata rana na tare shi yana cire takalmi, na ce, "Baba, wai kai tsoron wuta kake ji?"

Ya yi dariya har da tari. "Ƙwarai kuwa. Wanda ba ya tsoronta ai sai a kai shi asibiti. Amma ke, in Kawunki Dogo ya shiga cikinta, wa zai aika masa ruwa?"

Kawu Dogo ba jininmu ba ne. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki da Baba, kuma shi ne mai riƙe kan mesa a motarsu. Kullum cikin tsokanar juna suke. Shi ya ce wa Baba ɗan garuwa, Baba ya ce masa falwaya. In ya zo gidanmu sai ya sunkuya kafin ya shigo falo, ya ce Baba ya gina ƙofa daidai tsawonsa don mugunta.

Ran da na yi wa Baba wannan tambayar ya sa na kawo baho da ruwa. Ya tsoma hannu ya yi ta juyawa har ruwan ya fara tsere zuwa gefe, tsakiya ta yi rami.

"Kin gani? Haka cikin famfo yake. Akwai farfela a cikin tukunyar ƙarfe. In na tsayar da mota, sai in ɗauke ƙarfin inji daga taya in mayar wa farfelar nan. Ruwa ya shigo ta tsakiya, ta wurga shi gefe, ya fita ta mesa da ƙarfin da zai iya kayar da ƙato. Amma wawuya ce, ba ta iya jan iska. In iska ta shiga, ta yi ta juyi a banza, ko ɗigo ba zai fita ba."

Ya ce ruwan tankin mota, wanda mutane ke gani kamar kogi, minti shida ya ƙare in an buɗe mesa biyu. Kafin ya ƙare dole mai famfo ya nemo wani, ko daga bututun titi, ko daga rijiya, ko tafki. Ya ce bawul a hankali ake buɗe shi, a hankali ake rufewa, in ba haka ba mesa ta yi harbi ta karya haƙarƙarin wanda ke riƙe da ita. Sannan ya ja kunnensa ya ce, "Agogo yana faɗa maka abin da ya riga ya faru. Wannan shi ke faɗa maka abin da ke zuwa. In famfo ya fara jin ƙishirwa, ruwan da ke shigo masa bai kai wanda yake fitarwa ba, sai ya yi ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Da ka ji haka, ka sauke totur, ka gaya wa na ciki su ja da baya. Wanda ya ƙara totur a lokacin ya kashe mutum."

Da wannan kunnen aka san shi. An ce yana iya tsayawa nesa da mota yana shan shayi, ya ce wa bakanike roba ta saki a mesar zuƙo ruwa, a duba a ga haka ne.

Kunnen hagu ne ya fara mutuwa, wanda ke fuskantar inji. Lokacin na gama karatu ina koyarwa, ina zaune a gida tare da su. Da farko dariya muka mayar da abin. Mama ta aike shi tsintsiya ya dawo da tsamiya. Rediyonsa ya fara damun maƙwabta. In ana hira a falo sai ya riƙa gyaɗa kai yana "to, to, haka ne," ko da tambayarsa aka yi ƙarfe nawa. Mama takan ce, "Rabu da shi, abin da ba ya son ji ne ba ya ji. Ki ce an sauke abinci ki gani."

Daga baya dariyar ta tsaya. Wata rana tukunya ta faɗo a kicin, ni da Mama muka zabura, shi yana zaune ko gezau. Na lura kuma ya daina kallon idon mai magana, bakinsa yake kallo.

Na ce, "Baba, mu je a duba kunnen nan."

"Kunnena ƙalau. Ku ne kuke magana kamar marasa lafiya."

"Baba, jiya sau huɗu na yi maka sallama."

Ya jima yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Likita takarda zai rubuta. Takarda ta shiga fayil. Washegari a sauke ni daga mota a ba ni kujera a bakin ƙofa, in riƙa buɗe wa yaran da na koya wa aiki get. Saura shekara uku in ajiye aikin nan. Ki bar ni in ƙarasa a tsaye."

Na bar shi. Wannan ina faɗa ne don kada a ɗauka shi kaɗai ya yi shiru.

Ya samo wa kansa dabara. In famfo yana aiki sai ya ɗora tafin hannunsa na hagu a jikin tukunyar ƙarfen, abin da kunne ya kasa ji hannu ya ji. Haka ya yi kusan shekara biyu, ba a taɓa samun matsala ba, har ni ma na saki jiki.

Gobarar ta tashi ne wata Talata da hantsi, a wani sito na katifa da ke bayan layin kafintoci. Abin da zan faɗa daga bakin Baba na ji, sau biyu kacal, kuma bai sake maimaita mini ba.

Suna isa suka tarar siton ya riga ya tafi. Soso in ya kama ba ya jiran kowa. Abin da ya rage shi ne gidan haya mai hawa biyu da ke manne da shi, lungu ne kawai a tsakaninsu, kuma ana ta fama a sauko da wata tsohuwa da ba ta iya tafiya. Oga, shugaban tasharsu, ya tura Kawu Dogo da wani abokin aiki cikin lungun su tsare wutar kada ta tsallaka.

Baba ya ba su ruwan tanki, ya aika a buɗe bututun titi. Aka buɗe, ya yi tsaki ya tofar da tsatsa, shi ke nan. Amma akwai wani tsohon rami a bayan layin da ruwan sama ya cika, Baba ya san da shi. Suna ta aiki da ruwan tanki ya sa aka haɗa mesar zuƙo ruwa, mai taurin nan da ba ta lanƙwasa da sauƙi, aka ɗaura mata rariya a baki aka jefa cikin ramin. Ya kunna ƙaramin famfon da ke zuƙe iska, ya ji sanyin ruwa ya hau ƙarfen a ƙarƙashin tafinsa, ya juya bawul. Tanki saura kwata ruwan rami ya karɓa. Na cikin lungu ba su ma san an sauya ba.

Minti ashirin komai lafiya. Sai oba-oba, 'yar rediyon da suke magana da juna, ta fara magana a ƙirjinsa. Ya ga fitilarta tana ƙiftawa, ya san Oga ne, amma ga inji, ga ihun jama'a, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ciro ta da dama ya manna a kunnen dama, ya ɗauke hannun hagu daga jikin famfo ya kare bakinta da shi, ya ɗan juya gefe.

"Oga, maimaita!"

Oga ya maimaita. Bai ji ba.

"Maimaita!"

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. A cikin ramin kuwa ledoji sun taru sun manne wa rariya. Famfo ya fara cin tsakuwa, yana ƙara wadda daga baya wani kafinta ya ce ya ɗauka injin ne zai tarwatse. Baba yana tsaye taku ɗaya daga wurin bai ji ba. Da ya waiwaya, ta gefen ido ya ga allurar agogon fitar ruwa ta ɗan sauka, sai ya ɗauka abin da Oga ke nema ke nan, ƙarin ƙarfi. Ya miƙa hannu ya ƙara totur.

Allurar ta yi tsalle sau biyu ta kwanta. Mesar da ke ƙasa, wadda ta yi tauri kamar itace, ta saki ta yi laushi a gaban idonsa.

Ya ce a nan hannunsa bai tsaya ba. Ya sauke totur, ya mayar da famfo kan ɗan abin da ya rage a tanki, ya tura mutum cikin ramin har ƙugu ya yaye ledojin, ya sake zuƙe iska. Minti ɗaya da rabi ruwa ya dawo. A cikin wannan minti ɗaya da rabin wutar ta cika lungu. Kawu Dogo ya hankaɗa abokinsa waje, shi kuma narkakken soso ya zubo masa daga taga, ya kama wuyansa da hannuwansa biyu.

Kafin la'asar aka kashe wutar. Gidan hayan ya tsira, tsohuwar ma ta tsira. Rahoton da aka rubuta ya ce shara ce ta toshe rariya, kuma ya yaba wa mai famfo saboda saurin dawo da ruwa. Oga da kansa ya dafa kafaɗar Baba a gaban kowa. Abin da yake ta faɗa a oba-oba kuwa, ashe cewa yake wata mota tana hanya.

Baba ya dawo gida ya zauna a kujerar tsakar gida da kakinsa. Mama ta ajiye masa abinci, ta zo ta ɗauke yadda ta ajiye. Muka ce damuwar amini ce. Kwana tara yana zuwa aiki yana dawowa, kullum sai ya biya ta asibiti, amma a baranda yake tsayawa, ya tambayi ma'aikatan jinya ya juyo.

A rana ta goma bakaniken tasha ya kwance famfon, ya kira Baba gareji ya nuna masa farfelar. Gefenta duk ya yi ramuka kamar gara ta ci.

Ya ɗaga murya ya ce, "Mai Famfo, wannan ba cin rana ɗaya ba ne. Ta jima tana kuka." Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

Ranar Lahadi da rana Baba ya kira ni da Mama falo, ya kashe rediyo, ya ba mu labarin nan tun daga farko. Yana magana da ƙarfi don ba ya jin muryarsa, Mama ta tashi ta rufe taga.

Da ya gama ta ce, "Takarda ta ce leda."

"Me kika ce?"

Ta matso kunnensa. "Na ce takarda ta ce leda! Kai ka zuba ledar? In ka je ka tona kanka, fatar Dogo za ta dawo?"

"Leda tana toshe rariya kullum. Aikina ne in ji. Ban ji ba, kuma na ƙara wuta."

"Wa ya gani?"

"Ni."

Mama ta fashe da kuka, ta ce shekara ashirin da shida ba a taɓa kama shi da laifi ba, yanzu zai je ya zubar a ƙasa a rana ɗaya. Ta juyo kaina ta ce in yi masa magana.

Washegari ya ce in raka shi asibiti. A hanya ya gaya mini dalili. An ce hayaƙi ya ƙone wa Kawu Dogo maƙogwaro, da raɗa yake magana. "Ke za ki zama kunnena. Duk abin da ya faɗa ki faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ki rage."

Ɗakin gado shida ne, yana warin magani. Kawu Dogo yana kwance ƙafafunsa sun wuce ƙarshen gado, hannuwansa biyu a naɗe an ɗora su kan matashi. Matarsa, wadda muke kira Gwaggo, tana zaune tana yi masa fifita da kwali. Ta tashi ta ba Baba kujera, ya ƙi zama.

Kawu Dogo ya motsa baki. Na sunkuya na ji, na ɗago na ce, "Ya ce sai yau ɗan garuwa ya ga dama."

Baba bai yi dariya ba. Ya tsaya a ƙarshen gadon ya faɗi komai, da muryar nan tasa da ta cika ɗaki. Gwaggo ta daina fifita.

Da ya kai ƙarshe Kawu Dogo ya lumshe ido ya jima. Sannan ya yi mini alama da kai in matso. Na ji abin da ya ce, na tsaya ina kallonsa.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

Dole na ɗaga murya a gaban mutane. "Ya ce ya sani ba ka ji."

"Tun yaushe?"

"Ya ce tun bara. Ya ce duk motarku sun sani. Ya ce wani ya so ya gaya wa Oga, shi ya hana. Ya ce shi ya sa kowa ya koyi yi maka magana da hannu, kai kana ganin wasa ne."

Baba ya kama ƙarfen gado.

Kawu Dogo ya sake raɗa, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. Na ce, "Ya ce ya ɗauka taimakonka yake yi. Ya ce ku biyu kuka ƙona hannun nan, kada ka kwashe duka kai kaɗai don rowa."

A nan Gwaggo ta miƙe. Ba ta buƙaci in maimaita mata ba, muryarta ta isa har baranda.

"Au, kun sani? Dukanku kun sani, kuka tura shi cikin wuta da kurma a bayansa? Kai kuma," ta juya kan mijinta, "abota ta fi maka 'ya'yanka? Ni zan riƙa ba ka abinci a baki, ni zan yi maka wanka, ku kuna nan kuna rabon laifi kamar nama!" Ta dubi Baba. "Kusan mako biyu ina yi maka addu'a, ina cewa kai ka cece shi. Fita, don Allah. Fita."

Muka fita. A bakin get Baba ya tambaye ni abin da ta ce a ƙarshe, na ce ai ka ji. Ya ce ya ji.

Daga nan tasha ya wuce. Ya shiga ofishin Oga ya ajiye makullin mota a kan tebur, ya ce a sake rubuta rahoto. Oga bai so ba, don gyaran rahoto yana nufin a tambaye shi yadda aka yi shekara biyar ba a gwada kunnen kowa ba a tasharsa. Sai da Baba ya ce in ba a gyara ba zai rubuta da hannunsa ya kai sama. Aka gyara. Aka kafa kwamiti, aka yi zama uku, aka janye yabon, aka rage masa girma da mataki ɗaya. Aka kuma kawo likita ya gwada duk direbobi, aka sauke wasu biyu daga mota. Ɗayansu har yau in ya hango Baba a hanya tsallaka titi yake.

Ba a ba shi kujerar bakin ƙofa ba, gareji aka tura shi wurin bakanike. A nan ya ƙarasa shekararsa ta ƙarshe yana wanke rariya, yana sauya roba, yana gwada mesa. Sababbin direbobi sukan zo ya nuna musu aiki, amma ba ya jan bayani. Yakan sa a toshe rariya da buhu da gangan, ya tsaya ya ga wanda hannunsa zai tafi ga ƙara totur, ya buge hannun.

Kawu Dogo ya yi wata huɗu a asibiti. Muryarsa ta dawo amma a shaƙe, hannun dama kuma yatsu uku ba sa lanƙwasa. An sallame shi daga aiki. Yanzu yana zama a shagon ƙaninsa mai sayar da fenti, yana nuna wa masu saye kala da haɓa.

Mama ta yi wata biyu ba ta yi wa Baba magana sai ta dole. Daga baya ita ta ja shi wurin likita aka sa masa na'urar ji. Ya ce duniya ta cika surutu, cokali ma ihu yake, yakan cire ta ya sa a aljihu in ba ta kallo.

Duk Asabar yana zuwa shagon fenti. Suna zama a benci ɗaya, mai raɗa da kurma, rabin hirar ba ta isa inda aka aike ta. Gidan Kawu Dogo kuwa bai sake takawa ba, don Gwaggo ba ta ce ya zo ba. Shekara huɗu ke nan. Watan jiya na haɗu da ita a layin karɓar magani, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi Mama, ta tambayi makaranta. Aka kira lambarta ta tashi.